Nakiya da Manyan Injuna a Wuraren Fasa Dutse: Me Ya Sa Ake Sa Musu Ido?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil zuwa Birnin Kudu, sa'an nan ya miƙa zuwa Gwaram, zai lura da yadda ƙasa take sauya kama. Yawancin Jihar Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi da jigayi, amma a nan kudanci sai ga duwatsu sun taso, wasu curi-curi, wasu kuma falale. Masana ilmin ƙasa sun sanya duwatsun Birnin Kudu da na Fagam da na Kila cikin dangin waɗanda suka miƙa har Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma sun ƙiyasta shekarun na wannan yanki da wajen miliyan 200.

Dutse arziki ne. Da tsakuwarsa ake shimfiɗa titi, a gina gada da makaranta da asibiti. Sai dai ba ya ba da kansa ta daɗin rai. Mai ƙaramin ƙarfi yakan hura masa wuta ya bi shi da guduma, kamfani kuwa sai ya huda shi, ya ɗura masa nakiya, ya fasa, sa'an nan ya sa manyan injuna su kwashe su niƙa. Wannan maƙala za ta dubi waɗannan abubuwa biyu, wato nakiya da manyan injuna, domin mai karatu ya gane cewa ƙa'idojin da hukuma ta gindaya a kansu suna da tushe a ilmin halitta. Kowace ƙa'ida an auna ta ne da iyakar abin da jikin mutum zai iya ɗauka: dodon kunnensa, da huhunsa, da idonsa, da saurin ƙwaƙwalwarsa.

Mece Ce Nakiya?

Itace idan yana ci da wuta, daga sarari yake jawo iskar oksijin, shi ya sa yake ci sannu a hankali. Nakiya kuwa tana ɗauke da nata oksijin a jikinta, ba ta jiran na waje. Da zarar an tayar da ita, sai ta rikiɗe gaba ɗaya ta zama iska mai tsananin zafi kafin ƙiftawar ido. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa guda, amma fashewa a cikin nakiya tana gudun mita 3,000 zuwa 6,000 ko fiye a daƙiƙa. Iskar da ta samu tana neman wurin da ya ninka na nakiyar sau ɗaruruwa, to idan an toshe ta a cikin ramin dutse, tilas dutsen ya tsage ya ba ta hanya.

A shekarar 1847 ne wani masani ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya haɗa wani ruwa mai maiƙo da ake kira naitirogilisarin, wanda ɗan bugu kaɗan yake tayar da shi. Alfred Nobel, mutumin Suwidin, ya rasa ƙanensa Emil a 1864 lokacin da wannan ruwa ya fashe a ma'aikatarsu. Bai fasa bincike ba har ya gano cewa idan aka jiƙa wata farar ƙasa mai laushi da ruwan, yakan lafa har a iya naɗe shi sanda-sanda a ɗauka. A 1867 ya yi rajistar wannan haɗi da sunan dainamait. Ɗaliban ilmin halitta za su so su ji cewa farar ƙasar nan ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne masu ƙwayar halitta guda, da ake kira dayatom, waɗanda suka mutu suka taru a ƙarƙashin tafkuna tun zamanin da. 'Yan ramukan da ke jikin ɓawon su suke tsotse ruwan su riƙe shi.

Yawancin nakiyar da ake fasa dutse da ita a yau an gina ta ne a kan sinadarin amoniyam naitiret, ɗan'uwan takin zamani. Irin wannan tana da nauyin tashi, saboda haka sai an haɗa ta da makunni, wato ɗan bututun ƙarfe kamar guntun fensir, mai ɗauke da ɗan sinadari kaɗan mai saurin tashi. Makunni ya fashe, sa'an nan ya tayar da babbar nakiyar. A riƙe wannan rabon aiki, domin za mu ga cewa a kansa aka kafa tsaron ma'ajiya.

Abin da Fashewa Take Yi wa Jiki

Abu na farko da ke fita daga fashewa wani bango ne na matsattsiyar iska, wanda ke bazuwa ta kowace fuska da gudun da ya fi na sauti, kuma ido ba ya ganinsa. Tsoka da jini galibinsu ruwa ne, ba su matsuwa ƙwarai, amma duk gaɓar da ke ɗauke da iska tana cikin haɗari, wato kunne da huhu da hanji. Dodon kunne fata ce siririya da kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma ƙarin matsin da ya kai kimanin sulusin na iskar da muke zaune a cikinta yana iya yaga ta. Huhu kuwa ya ƙunshi ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska, waɗanda bangonsu ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba. Idan matsin ya yayyaga su, sai jini da ruwa su cika wurin da iska ya kamata ta shiga. Mutum yana iya tashi daga wurin babu ko ƙwarzane a fatarsa, bayan 'yan sa'o'i numfashi ya gagare shi. Don haka duk wanda fashewa ta rutsa da shi a kusa, a kai shi babban asibiti irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko da ya ce lafiyarsa lau.

Abu na biyu shi ne tarkace. Gutsuren dutse yana iya tashi ya yi tafiyar ɗaruruwan mitoci kafin ya faɗi. Gilashin taga kuma yana fashewa da matsin da bai kai wanda ke yaga dodon kunne ba. Haske ya fi matsin iska sauri, saboda haka wanda ya ga walƙiyar fashewa ya ruga taga don ya leƙa, yakan isa daidai lokacin da gilashin zai watso masa a fuska. Abin yi shi ne a nisanci taga, a kwanta a ƙasa.

Na uku shi ne hayaƙi. Bayan fashewa akan sami iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, amma tana kama jan sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau fiye da 200. Akan kuma ga wani hayaƙi ja-ja mai ruwan ƙasa, wanda ke ƙona huhu a ɓoye, illarsa ta fito bayan sa'o'i. Dalili ke nan da ya sa ake hana ma'aikata komawa rami sai iska ta share shi.

Akwai wata alama kuma da jiki yake bayarwa. Naitirogilisarin yana ratsa fata ya buɗa jijiyoyin jini, ya jawo matsanancin ciwon kai. Wannan hali nasa ya sa tun 1879 likitoci suke ba masu ciwon ƙirji na zuciya ɗan kaɗan daga cikinsa, kuma masanan da suka bayyana sinadarin da ke buɗa jijiyoyin su aka bai wa lambar Nobel ta likitanci a 1998. Ga mai kula da ma'ajiya kuwa, idan ya shiga ɗakin dainamait kansa ya sara, ko ya ga sandunan suna naso kamar gumi, to ruwan ya fara tsatsowa, kuma kayan sun koma halinsu na farko mai saurin tashi. Ba a taɓa su, sai a kira ƙwararru.

Ma'ajiyar Nakiya

Doka ba ta yarda a ajiye nakiya ko'ina ba sai a ma'ajiya mai lasin, wadda jami'ai suka duba wurinta da gininta. Akan gina ta nesa da gari, a kewaye ta da tudun ƙasa domin idan ta tashi ƙarfin ya yi sama, a liƙa mata katako daga ciki don kada ƙarfe ya goga ƙarfe ya ba da tartsatsi, a bar mata kafofin iska, a nome ciyawar da ke kewaye saboda gobarar daji. Ba a shiga da ashana ko taba ko wayar hannu. Bayan gini, ƙa'idoji uku ne suke riƙe da ita.

Ta farko ita ce rabuwa. Makunni da babbar nakiya ba su kwana ɗaki ɗaya, ba su shiga akwati ɗaya, kuma ba a haɗa su sai a bakin ramin da za a fasa. Makunni shi kaɗai yana iya cire wa mutum yatsu, nakiya ita kaɗai tana da wuyar tashi, amma idan suna tare, ƙaramin kuskure ya isa ya tashi unguwa.

Ta biyu ita ce nisa, kuma a nan akwai ɗan lissafi. Nisan da matsin fashewa yake kaiwa ba ya ninkuwa daidai da yawan nakiya. Idan aka ninka nakiyar sau 8, nisan yakan ninku sau 2. Idan sau 27, nisan sau 3. Idan sau 1,000, nisan sau 10. Darasi biyu ne a ciki. Ɗaya, ma'ajiyar da aka yi wa lasin wani adadi, idan aka cusa mata fiye da shi, gidajen da a da suke wajen haɗari sun shigo ciki ke nan, ko da ba wanda ya matsa. Biyu, rage nakiya da rabi ba ya rage nisan haɗari da rabi, kashi ɗaya cikin biyar kawai yake ragewa. Saboda haka mai cewa ai 'yar kaɗan ce ya ajiye a ɗaki yana ruɗin kansa.

Ta uku ita ce ƙidaya. Kowace sanda da kowane makunni sai an rubuta shigarsa da fitarsa da sunan wanda ya karɓa, abin da ya rage bayan aiki kuma a mayar da shi a ranar. Wadda ta riga shiga ita take riga fita, don kada tsohuwa ta lalace a lungu. Sandar da ta ɓace daga rajista ba wanda ya san hannun da za ta faɗa.

Yanayin ƙasarmu yana gwada ma'ajiya sau uku a shekara. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka, kuma zafi yana saurin lalata nakiya. Da damina ga tsawa, wadda ta sa dole a kafa ƙarfen kare tsawa a kuma dakatar da aiki idan hadari ya taso, ga kuma laima da ke ɓata amoniyam naitiret har ya ƙi tashi yadda ya kamata. Da hunturu iska takan bushe har mutum ya ji riga tana ƙas-ƙas idan ya cire ta, wani lokaci ma ya ga tartsatsi a duhu. Wannan ɗan lantarki na jiki yana iya tayar da makunni mai aiki da waya.

Misalan abin da ke faruwa idan aka karya ƙa'idojin ba su da nisa. A daren 16 ga Janairu 2024, wani gida ya fashe a unguwar Bodija ta Ibadan, mutum 5 suka rasu, fiye da 70 suka ji rauni, gidaje da dama suka rushe. Gwamnan Jihar Oyo, Seyi Makinde, ya ce nakiya ce da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ajiye a gidan. A Apiate ta ƙasar Gana, ran 20 ga Janairu 2022, motar da ke kai nakiya wata mahaƙar zinariya ta yi karo da abin hawa ta kama wuta ta fashe, mutum 13 suka mutu, ƙauyen ya kusa shafewa. A tashar jiragen ruwa ta Beirut kuwa, tan 2,750 na amoniyam naitiret da aka bari a sito wajen shekara shida su suka tashi ran 4 ga Agusta 2020, suka kashe fiye da mutum 200. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ranar Fasa Dutse

Ba kowa aka yarda ya ɗura nakiya ba sai mai takardar shaidar ƙwarewa. Kafin a tayar, akan busa jiniya, a kafa jajayen tutoci, a tsayar da masu gadi a kan kowace hanya da burtali, domin makiyayi da mai itace da yaro mai kiwon awaki ba lalle ne su san ma'anar jiniyar ba. Idan wani rami ya ƙi tashi, ba a rugawa a duba. A ƙa'idar ƙasashe da yawa akan jira rabin sa'a idan da lagwani aka kunna, don wuta tana iya cin lagwanin a ɓoye. Makunnin da ya ƙi tashi yakan ɓuya cikin tsakuwa, kuma ga yaro ko ɗan gwangwan abin sha'awa ne, ɗan bututu mai ƙyalli da wayoyi biyu. Wanda ya tsinci irinsa kada ya taɓa, kada ya buga, kada ya jefa a wuta. Ya sa alama, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda.

Manyan Injuna

Nakiya takan yi ɓarna rana ɗaya a ji ta ko'ina, injuna kuwa kullum suke aiki, kuma ɓarnarsu ɗaiɗai take zuwa. Direban katafila ko motar haƙa yana zaune ne a sama, akwai wurare a bayansa da gefensa da gab da gabansa waɗanda ko madubi ba ya nuna masa, kuma yaro ya fi babba saurin ɓacewa a cikinsu. Bugu da ƙari, daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki akan ɗauki kimanin daƙiƙa guda ko fiye, domin saƙo sai ya je ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, ya dawo ga tsoka. Tifar da ke gudun kilomita 36 a sa'a tana cin mita 10 a kowace daƙiƙa, wato ta wuce tsawon aji guda kafin birki ya fara kamawa, sa'an nan nauyin tsakuwar da ta ɗauko ya ƙara tura ta. Gajiya da rashin barci da ƙwayoyin da wasu ke sha don ƙarin ƙarfi duk suna tsawaita wannan daƙiƙa. Wannan shi ya sa ake raba hanyar mota da ta masu ƙafa, a sa ƙararrawar ribas, a duba birki kowace safiya, a kuma iyakance sa'o'in aiki.

Bangon rami ma abin lura ne. Ruwan sama yana shiga tsaguwar dutse da ƙasa ya sassauta su, nauyin inji a bakin rami kuma ya ƙarasa. A watan Yuni na 2024 wani ramin haƙar ma'adinai ya rufta bayan ruwan sama a Galkogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja, ya binne ma'aikata da dama. Don gudun haka ake yanka bango hawa-hawa kamar matakala. Ramin da aka gama da shi kuma a cike shi ko a killace, in ba haka ba ya zama kududdufin da yara ke nutsewa, sauro da katantanwar tsargiya su sami gida.

Sauran illoli biyu ba su zubar da jini, shi ya sa ake raina su. Ta farko ƙara ce. A can cikin kunne akwai ƙwayoyin halitta masu gashi wajen 16,000, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take ganewa. Kifi da tsuntsu suna sake tsiro da nasu idan sun lalace, mutum kuwa ba ya yi. Ma'aunin ƙara shi ne desibel, kuma masana sun ba da shawarar kada a wuce sa'a 8 a cikin ƙarar desibel 85. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har idan an kai 100 ya rage minti 15 kacal, alhali injin huda dutse yana haura hakan. Ta biyu ƙura ce. Duwatsun wannan yanki suna da silika da yawa, kuma ƙurarsa mafi laushi, wadda ido ba ya gani, tana wuce gashin hanci ta isa jakunkunan huhu. Ƙwayoyin tsaron jiki sukan haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su mutu, wurin ya yi tabo. A hankali huhu ya taurare, cutar ba ta warkewa, kuma mai ita ya ninka sauran mutane kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da tarin fuka. Maganin farko shi ne zuba ruwa a bakin injin huda da na niƙa don ƙurar ta kwanta. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, sai takunkumin da aka yi domin wannan aiki.

Wane Ne Yake Sa Ido?

Tsarin mulkin Nijeriya ya sa ma'adinai da abubuwan fashewa a hannun Gwamnatin Tarayya. Tushen aikin shi ne Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 da ƙa'idojinta na 1967, da Dokar Ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011. Sashen sufetocin ma'adinai na ma'aikatar tarayya shi yake ba da lasin saye da ajiya da amfani da nakiya, shi yake duba ma'ajiya da rajista da lafiyar wurin aiki, kuma yana da jami'i a jihohi. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin fasa dutse a 2013, waɗanda suka hana kafa wurin fasa dutse a cikin kilomita 3 daga gidajen jama'a. Dokar 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta, ta kuma hana aiki a kan gari da kasuwa da maƙabarta da wuraren tarihi. Wannan ya shafi Birnin Kudu kai tsaye, domin a Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zanen shanu na mutanen da, da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Dutsen da aka niƙa ya zama tsakuwa ba ya dawowa.

Sai dai sufeto baƙo ne, yakan zo ya duba ya tafi. Mutanen gari su ne kullum suke nan, su suke ganin motar da ta sauke kwalaye da dare a gidan haya, su suke jin an fasa dutse ba jiniya, su suke ganin sababbin gidaje suna matsawa kusa da ma'ajiyar da a da take daji. Idan sun yi shiru, rajistar sufeto za ta nuna komai lafiya.

Kammalawa

Malamai suna iya mayar da wannan batu darasi. A aji a lissafta nisan da tifa take ci kafin birki, a auna shi da igiya a filin makaranta don ɗalibai su gani da idonsu. A zana musu siffar makunni a allo, su kai labarin gida ga ƙannensu. Shugaban makarantar da ke kusa da wurin fasa dutse yana da haƙƙin ya nemi sanin ranaku da lokutan fashewa, ya kuma kai kuka ga hakimi ko ƙaramar hukuma ko ofishin ma'adinai na tarayya idan ya ga ba daidai ba. Cikin ɗaliban yau ne za a sami direbobi da injiniyoyi da sufetocin gobe, kuma wanda ya san yadda dodon kunne da huhu suke da rauni ba zai ga ƙa'idar tsaro a matsayin ɓata lokaci ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu.